Ranar da muka kai Dada ta sha ruwan rafi

Rafin da ya ratsa bayan gidanmu ba shi da suna. Ko in ce yana da su barkatai, kowace unguwa da wanda ta laƙa masa, kuma babu na kirki a ciki. Mu nan unguwar Wunti kwata muke ce masa kawai. Daga gindin duwatsun bayan gari yake gangarowa, ya riƙa raɓewa tsakanin gidaje kamar ɓarawon kaji, ya shige ƙarƙashin kwalta ya ɓace, sai can gaba ya ɓullo ya fi da baƙi.

Ni na san shi da sauran mutuncinsa. Muna yara a nan muke wanki, ga lambunan rake da alayyafo hagu da dama. Daga baya aka yanka lambunan filaye, kowa ya yi gini ya juya wa rafin baya, ya kuma miƙa masa bututun makewayi. Yanzu da hadari ya haɗo za ka gan mu a ƙofar gida da kwandunan shara, muna jiran ruwa ya sauko mu ba shi saƙo ya kai wa na ƙasa. Na sama su ma suna aiko mana nasu. Zumunci ke nan.

Surukata, wadda duk gidan muke kira Dada, ta san shi tun kafin wannan duka. Tana yarinya, a bakinsa mahaifinta yake sauka da shanu kowane rani, lokacin bayan ganuwa daji ne. Aka yi mata aure ta bi ruga, ba ta ƙara waiwayarsa ba sai da tsufa da hawan jini suka sa maigidana ya ɗauko ta ya kawo ta wurinmu saboda asibiti.

Maigidana tela ne, kuma ɗanta na fari. Kun san Fulani da kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsugune a gabanta ni take duba. Shi ma ta wurina yake amsawa. Haka na zama wayarsu.

Wata safiya ta ture kwanon kunu, ta ture ƙwayoyin magani. Ta ce ta yi mafarkin shanun babanta, ta san tafiya ta zo. Ba loma, ba magani, sai an ɗebo mata ruwan rafin nan. Ta sha, ta yi kalmar shahada, shi ke nan.

Maigidana ya sosa ƙeya. “Ki ce mata ruwan ya ɗan canja.”

“Ki ce wa mai ɗinkin nan ruwa ba ya canjawa. ’Ya’ya ne ke lalacewa.”

Sai ya shiga dabara. Ya fasa fiya wata a ƙwarya ya ba ni na kai mata. Ta sunsuna ta ce, “Wannan a leda aka haife shi.” Washegari ya jawo na rijiyar maƙwabta, ya barbaɗa ƙasa a ciki don ya yi kama da na rafi. Ta taɓa da harshe ta tofar.

“’Yar nan, ki tambaye shi, ni kaza ce da zai zuba mini tsakuwa?”

Dariya muka yi ta yi a ɓoye, har dariyar ta ƙare. Ƙafafunta suka kumbura, muryarta ta shige ciki, ko zagin jikokinta ta daina, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na samu maigidana na ce masa a hankali, mu kai ta ta gani da idonta.

“In kai uwata ta ga wannan abin kunya?”

Na ce, “Ai ba kai kaɗai ka ɓata shi ba. Da taimakon jama’a.”

Muka kira maƙwabcinmu mai keke mai ƙafa uku, wani dattijon Babarbare wanda wasan Fulani da Barebari bai taɓa barinsa ya gaida Dada da daɗi ba. Yana ganin mun riƙo ta ya washe baki.

“A’a, baiwata! Yau za ki shiga motar ubangidanki?”

“Ja mu, bawan gidanmu,” in ji Dada, muryar can ƙasa. “Wannan gwangwanin kake kira mota?”

Mun fara tsayawa a ’yar gadar bayan gida. Dada ta leƙa, ta ja mayafi ta rufe hanci, ta ce mu daina ɓata mata lokaci a masan mutane, mu wuce rafi. Mai keke ya bi gefen ruwan ya yi sama. Muka wuce kanikawa, inda baƙin mai ke gangarawa yana ƙyalli kamar wuyan tantabara. Muka wuce masu wankin mota, da masu buga bulo da suka ƙwaƙule yashin gefen har katangar wani ta rusuna. Muka wuce wani dogon gidan haya da ya jera bututai, kowane ɗaki da gudummawarsa. Wani wurin rafin ya ɓace sam, an ɗora shago a kansa ana sayar da takalma.

Dada tana ta neman alamarta: wani falalen dutse da ke ƙarƙashin ɓaure, inda take wanke ƙwaryar tatsa. Ɓauren dai ya daɗe da zama itacen girki. Amma can sama ta dafa kafaɗar mai keke ta ce, “Tsaya.” Ga falalen, rabinsa katanga ta hau, ɗaya rabin an rubuta masa wani abu da jan fenti. Muka sauko da ita. Ta shafa wani ɗan gurbi a jikin dutsen, ta ce a nan take ajiye sabulun salo.

“Me suka rubuta masa?”

Maigidana ya ƙyafta mini ido in yi ƙarya. To, ni da girmana na shiga yaƙi da jahilci, ban sha wahalar haɗa baƙi don in karanta abin da ba a rubuta ba. Na ce, “Dada, sun ce an hana fitsari a nan.”

“An hana?” Ta sunsuna iska. “Ashe ba ni kaɗai ba ce ban yi boko ba.”

Sai ta zaro ɗan ƙoƙonta daga cikin zani ta miƙo mini. Na sauka a hankali, na kore leda da kumfa, na ɗebo. Baƙi ƙirin, da wani abu yana iyo wanda ban tsaya mun gaisa ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismillah. Maigidana ya manta da ni gaba ɗaya, ya durƙusa a gabanta.

“Dada, don girman Allah kar ki sha!”

Ko kallonsa ba ta yi ba. “Ki ce masa ya daina yi mini ihu a ka. Wa ya gaya masa Bafillatana tana shan ruwa kafin dabba? Kamo mini waccan.”

Wata akuya ce a kan bola tana cin kwali hankali kwance. Mai keke ya jawo ta da ƙaho tana ta ƙara. Dada ta kara mata ƙoƙon a baki. Akuyar ta sunsuna, ta yi atishawa, ta fizge ta koma kan kwalinta.

Dada ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta tuntsurar da shi a kan dutsen, ta ce, “Allah ya jiƙan rafi. Ya riga ni.” Muka ce amin, don ba mu san abin da ake cewa ba.

“’Yar nan, na fasa,” in ji ta. “Mutanen da suka yi wa ruwa haka, me za su yi wa kabarina? Kafin arba’in sun ɗora shagon takalma. Ina ƙwayoyin nan? Zan sha in yi ƙarfi in koma ruga in mutu cikin mutane.”

Suna ƙulle a bakin mayafina. A hanya ta sa aka tsaya wurin mai suyar masa, ta ci har da neman ƙarin yaji, ta kora maganin da shayi, tana zagin mai keke kan ramukan titi kamar shi ya haƙa su.

Lokacin kaka ta koma ruga da ƙafarta. Har yau tana can, kuma duk wanda zai zo gari sai ta ba shi saƙo: a gaya mini in gaya wa mai ɗinkin nan, maganin ya kusa ƙarewa.