Gudu da Gaisuwa

A garinmu, can arewa da Tawa wajen Takanamat, mutum ba ya gudu haka kawai. In ka ga babba ya zura a guje, to ko gobara ce, ko yaro ya faɗa rijiya, ko shanu sun shiga gonar wani. Sai na fara faɗin wannan, don 'yan yanzu sun saba ganin ƙato da gemunsa ya fito da gajeren wando yana zagaya gari da safe, ba mai korarsa, ba abin da ya ɓace masa.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, jikata ce ke rubutawa ina faɗa mata. Amma ƙafa kam, Allah ya ba ni ita. Rijiyarmu zurfi gare ta, ba a jan ruwanta da hannu. Ana ɗaura igiyar wasaki ga jaki, yarinya ta kora shi nesa har wasakin ya fito cike, sa'annan ta dawo da shi. Ni ce mai korar jakinmu. Wata safiya igiya ta tsinke, jaki ya ji sauƙi, ya ranta a na kare ya nufi daji. Na bi shi, na sha gabansa kafin ya kai tudu, na kamo shi da kunne. Ashe mushen lakwal, wato malamin makaranta, wani siririn mutumin Maraɗi da anka kawo mana bayan tafiyar Nasara, yana tsaye bakin rijiya yana kallo.

Da yamma sai ga shi ƙofar gidanmu. Ya ce wa Baba a bikin gwamnati na lokacin ɗari za a yi tseren 'yan mata a Tawa, wadda ta zo ta farko za a tafi da ita Yamai tare da wata madam ta lakwal. 'Yan matan ajinsa duk ƙanana ne, ni yake so.

Ina bayan darni ina daka, na ji an ambaci Yamai, taɓarya ta tsaya a hannuna. Kakata, mahaifiyar Baba, ta sha ba ni labarin gulbin Yamai, wai ruwa ne mai tafiya rani da damina ba ya gajiya. Ita ma ba ta taɓa ganinsa ba, a bakin fatake ta ji. Mu abin da munka sani tabki ne da ke ƙafewa kafin a gama sussuka. Tsere bai dame ni ba, bikin gwamnati da tutarsa ma ba su dame ni ba. Gulbin nan nake son gani da idona.

Ni ce ɗiyar fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma maganata a gaban mutane. Ya ce wa mushe, "To, mu gani." Mushe bai san halin mutanenmu na Adar ba, ya ɗauka an yarda. Ya kira ni gefe ya ce kama jaki daban, tsere daban, sai na riƙa gudu kullum da safe, in kai tudun rairayi in dawo, kada in sha hura kafin in fita.

Kashegari na ɗaure zanena tamau da ɗamara, na fita ƙofar gida, na arce.

Matar maƙeri ce ta fara ganina. "Lahiya? Ke, mi anka yi?" Mushe ya ce kada in tsaya, ban tsaya ba. Ta aza hannu bisa kai ta kwarma ihu. Kafin in fita gari maza sun fito da sanduna, mata da tuluna, wani tsoho har da kwari da baka. Na waiga na ga rabin gari na biye da ni. Sai na ce lalle wani abu ne ya koro su, na ƙara mai. Su kuma sunka ga na ƙara, sunka ƙara. A gindin tudu numfashi ya ƙare mini, wani abu ya soke ni a haƙarƙari, na zube. Sunka iso suna haki, maƙeri ya ce, "Ina wutar take?"

Na ce, "Babu wuta, Baba Maƙeri. Koyon gudu nike."

Can tsohon nan mai baka ya ce, "Koyo? Wa ya ce miki ba ki iya ba? Kin kusa kashe mu."

Gari ya yi dariya har anka gaji, Baba shi kaɗai ne bai yi ba. Ya faɗa wa Kaka, da ƙarfi yadda zan ji, "A gaya wa yarinyar can, ban hana ta haukanta ba. Amma ran da wani babba ya ce ta wuce shi ba gaisuwa, ran nan magana ta ƙare, ba Tawa ba Yamai."

A lokacinmu yarinya ba ta gaida babba a tsaye. Sai ta sauka daga hanya, ta kai gwiwa ƙasa, ta tambayi kwana da gajiya da gida, har a sallame ta. Kuma safiya ita ce lokacin da tsofaffi ke cika hanya. In na taso jiki ya ɗauki zafi, sai ga liman, in durƙusa. In tashi, sai ga gwaggon wane da ƙwaryar nono, in durƙusa, ita kuma sai ta tambayi lafiyar akuyoyinmu ɗaya bayan ɗaya. Na canja hanya na bi ta fako, tsakuwa da ƙarangiya sunka cinye mini ƙafa, can ma na iske tsofaffi masu ice. Mushe ya zo ya duba ni wata safiya, ya ga abin da nake yi, ya riƙe kai.

Kaka na zaune tana kaɗi na shigo da gwiwa duk ƙasa. Ta dube ni ta ce, "Ja'ira, gudu kike ko sallar nafila?"

"Tsohuwa, ki bar ni da abin da ya dame ni. Ke da ko kaza ba ki kamawa."

"Ni? Da ƙuruciyata da kin sha ƙurata. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, ɗiyar nan. Miƙo mini sandata."

Ta bi gari gida-gida. Duk inda tsoho ko tsohuwa take, sai ta zauna, a kawo mata ruwa, a yi hira, sa'annan ta ce ta zo roƙo: a yafe wa jikarta gaisuwar safe har a gama tseren Tawa, da yamma za ta biyo ta biya. Wasu sunka ce ba a taɓa yi ba. Ta ce tuta ma ba a taɓa yi ba, ga ta can bisa lakwal tana kaɗawa. Wa zai musa wa Kaka? Rabinsu ita ta yanke musu cibiya. Liman ya yi murmushi ya ce ya yafe, amma in na ci a zo masa da labarin gulbi.

Daga nan gudu ya miƙe. Kai, waɗannan safiyoyi! An gama girbi, gonaki sun zama fili, kara na kwance, iska mai sanyi na bugun fuska. Da fari ina kai tudu da ƙyar, daga baya na riƙa hawansa in sauka ta baya in zagayo ta rijiyar Buzaye. Sukar haƙarƙari ta bar ni. Na koyi kada in zuba ƙarfina duka tun farko, kamar yadda ba a juye hatsin shekara a tukunya guda. In na wuce tsofaffi sai su ɗaga sanda su ce, "Tahi, tahi, mun yahe!" Da la'asar kuwa in bi gari ina durƙuso har gwiwata ta yi kanta. Baba kaɗai Kaka ba ta roƙa ba. Ta ce ɗanta ne, ta san taurin kansa, kuma ai da safe yana masallaci. Ran tafiya na durƙusa na yi masa sallama, ya ce wa bango, "Allah shi kiyaye hanya. Ni ba ni da abin yi Tawa."

Ni da mushe da wata innata munka hau kamiyo, babbar motar kaya, sai Tawa. Ban taɓa ganin mutane kamar na ran nan ba: makaɗa, 'yan lakwal a jere, gardawa, dogaran kumandan mai mulkin gari, na kora yara da bulala. Anka jera mu. 'Yan birni da fararen takalmansu, wata doguwa a cikinsu ta dubi ƙafata ta ce, "Baƙauya, kin manta takalminki a gona?"

Na ce, "Na bar wa jakina, shi ma ya fi ki sauri."

Anka busa usur. Hanyar ta tashi daga fili, ta zagaya ta bayan kasuwar dabbobi, ta dawo. Na bar su sunka yi gaba, ina bin su a hankali, ina tsince su ɗaya-ɗaya. Da munka kai kwanar kasuwa saura ni da doguwar nan, ita kuwa ba wasa, ta iya gudu. Na wuce ta da ɗan kaɗan, ina jin numfashinta a ƙeyata.

Sai na ga rawani da na sani. Baba ne tsaye a bakin hanya, gaban jama'a, daidai inda zan bi.

Tunda uwata ta haife ni ban taɓa wuce shi a tsaye ba. Shi ne ya kafa sharaɗi, kuma shi ne bai yafe ba. In na durƙusa, doguwa ta tafi da gulbina. In na wuce, da idonsa ya gani, ba sai wani ya kai ƙara ba. Wallahi gwiwata da kanta ta fara lanƙwasa, ƙafata ta karkata gefen hanya, doguwa ta zo kafaɗa da kafaɗa da ni.

Baba ya juya baya. Ya duƙa ya kama wani rago da ke ɗaure nan kusa, ya buɗe masa baki yana duba haƙora, kamar duk duniya ba abin da ya dame shi sai shekarun ragon nan.

Ban san inda sauran ƙarfin ya fito ba. Na ji dai mushe na tsalle yana ihu da Faransanci, innata na guɗa, wata madam ta riƙe ni kada in faɗi. Da na sami numfashi na duba wajen kasuwa, babu rawani.

A tseren da anka yi a Yamai an tsere mini, ba na ɓoyewa, 'yan matan can barewa ne. Ko a jikina. Madam ta kai ni bakin gulbi da hantsi, lokacin ya cika ya batse, jirage na yawo bisansa kamar ƙwarya. Na zauna ina jira in ga inda zai ƙare, bai ƙare ba. Na sa ƙafafuna ciki, na ɗebo cikin gora na toshe da tsumma.

Da na dawo gida Kaka ta karɓi goran, ta kurɓa, ta juya shi a baki ta ce, "Wanga shi ne ruwan da kika tada gari dominsa? Na rijiyarmu ya hi shi daɗi." Amma ba ta zubar ba. Ta rataye goran a ɗakinta, duk tsohon da ya yafe mini gaisuwa sai da ta ɗiga masa a tafin hannu.

Baba na zaune bisa buzunsa a zaure. Na kai gwiwa ƙasa na gaishe shi, na daɗe ban tashi ba. Ya amsa yana kallon ƙofa. Can ya ce, "An ce an yi tsere Tawa. Ni rago na tahi dubawa, ban ga kowa ba."

Na ce, "Baba, ragon ya yi?"

Ya ce, "Ya yi."

Har ya koma ga Allah bai ƙara tada maganar ba, ni ma ban tada ba. Rago kuwa ba mu ga an shigo da shi gida ba.