Kujerar Inna

A layin masu sana'a da ke bayan tashar mota, idan ka tambayi shagon kafinta za a nuna maka uku. Amma idan ka ce Saura Kaɗan kake nema, ko mai shayi zai ajiye buta ya nuna maka ƙofar da ke tsakanin mai walda da mai facin taya. Ba zaluntarsa aka yi ba, da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. Ka kai masa aikin ƙofa, ka dawo ranar da ya ce, sai ya zare fensir daga bayan kunne, ya dubi katakon da ko zarto bai taɓa ba, ya ce, "Saura kaɗan." Mutane su yi masa tatas, su rantse sun bar shi har abada, su kuma dawo da ƙafarsu, don kuwa hannunsa na da kyau. Gadon da ya haɗa ba ya ƙara, aljihun teburinsa ba ya cijewa ko da damina.

Kuma ba malalaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Kafin kowa ya buɗe yana shago, bayan kowa ya rufe yana share garin katako. Ciwonsa ɗaya ne. Duk abin da ya ƙwallafa wa rai, tsoron sa masa zarto yake yi, don muddin bai yanka ba bai ɓata ba. Aikin masu faɗa yana gamuwa, saboda suna zuwa su tsaya masa a kai. Wanda bai iya faɗa ba shi ke shan jira, kuma duk duniya babu wadda ba ta iya yi masa faɗa ba kamar uwarsa.

Inna ta rasa mijinta yaran suna ƙanana, shi da ƙanwarsa Auta. Da tiren tumatir da albasa ta raine su, a bakin lungu, tana zaune kan wani tsohon akwatin lemo da ta kifa. A kansa take ciniki, a kansa take cin abinci, a kansa take gyangyaɗi idan rana ta yi tsaka. Ita ta kama hannunsa ta kai shi koyon aikin katako. Ranar da ya buɗe shagon kansa ta zo ta tsaya a tsakiya, ta dubi zartuna a jere, ta dubi guduma, ta yi ta sa albarka, sannan ta ce, "Ni dai, kafintana, ka yi mini kujera. Mai hannu, mai wurin jingina baya. Irin wadda mutum zai zauna ya ji shi ma wani ne."

Nan take ya ɗauko wani siririn katako, ya zaunar da ita a kan benci, ya gwada ta. Daga tafin ƙafa zuwa gwiwa ya yi tsaga da wuƙa, faɗin zama ya yi tsaga, daga ƙugu zuwa kafaɗa ya yi tsaga. Haka maigidansa ya koya masa, wai kujerar kirki a jikin mai ita ake aunawa. Inna tana dariya tana buge masa hannu, tana cewa wa ya ce masa likkafani ta zo ɗinkawa. Lokacin mace ce doguwa, kakkaura, wadda ke sauke kwandon albasa daga kanta ba tare da an kama mata ba. Ya rataye sandar awon a ƙusa bayan ƙofa. A satin ya je ya zaɓo katako mafi kyau a kasuwa, ja mai nauyi, ya ɗora shi saman rufin shago don ya bushe.

Katako ya bushe. Ya bushe har ya gaji da bushewa. Da farko aure ne ya sha kansa, sai haihuwa, sai aikin bencin wata makaranta da ya ci masa kusan shekara. Daga baya ma babu wani dalili. Yakan sauko da katakon wani lokaci da yamma, ya share ƙurarsa, ya sansana, ya ja layi da fensir, sai ya ga ai bayan kujerar zai fi kyau idan an lanƙwasa shi, ko a sassaƙa masa ganye, sai ya goge layin ya mayar sama. A cikin kansa kuwa tuni kujerar ta gamu. Yana ganin Inna a kanta a ƙofar gida, hannuwanta biyu a shimfiɗe, masu wucewa suna gaishe ta suna tambayar wa ya yi wannan aiki. Wannan hoton yana yi masa daɗi ƙwarai, har yakan ji kamar ya riga ya yi wani abu.

Inna takan tambaya da fari. Daga baya ta mai da abin wasa. In ya shigo gaisuwa sai ta ce, "Kafintana, kujerata tana nan tana girma? Ai yanzu ta isa aure." Ya sosa ƙeya ya ce saura kaɗan. Sai wata rana ya lura ta daina tambaya, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ya zama duk sanda ya zauna a gabanta, babu abin da yake gani sai abin da take zaune a kai. Sai ya fara rage zuwa. Ya aika matarsa da cefane, ya aika gaisuwa, ya kira a waya ya ce aiki ya yi yawa. Da Inna ta bar ciniki ta koma gidan Auta, can ƙarshen gari, sai nisa ya zama masa hujja, alhali mota ɗaya ce ke kai mutum har bakin lungun.

Kewarta kuwa tana cinsa. Yana cikin goge katako sai ya tuna yadda take kankare masa ƙafa da dutse yana kuka tana yi masa waƙa, ko ya ji wata mai talla ta yi dariya irin tata, ya fito har ƙofa yana leƙe. Sau da yawa ya sa riga zai tafi, ya kai tasha, ya tuna hannu rabbana zai shiga, ya juyo. Ya gaya wa kansa cewa ranar da zai je, da kujera a kansa zai je. Mutum yana da uwa a raye, a gari ɗaya, amma yana kewarta kamar wadda ta yi ƙaura, kuma shi ya yi wa kansa.

Wata safiya Auta ta faɗo shagon ko sallama ba ta ƙarasa ba. "Yaya, Inna ta faɗi."

Fensir ya suɓuce daga hannunsa.

"Ba ta karye ba, ƙugu ne ya bugu. Gwiwoyinta ba sa barinta ta tashi daga ƙasa, shi ne na saya mata kujerar roba. Jiya ta dafa za ta miƙe, ƙafar kujerar ta baje, sai ga ta a ƙasa. Ka san me ta ce da muka ɗaga ta? Wai kada a gaya wa Yayanku, aiki ya yi masa yawa." Ta dubi gadaje da kujerun mutane da suka cika shagon, ta yi ƙwafa, ta juya ta tafi.

Mai walda, wanda kunnensa ba ya barin komai ya wuce, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya leƙo. "Maƙwabci, uwar kafinta a kan kujerar roba? Wallahi da ni ne, yau ba zan iya cin abinci ba."

Bai ci ɗin ba kuwa. Washegari ya zo shago, ya shiga, ya mai da ƙofa ya rufe daga ciki. Ya sauko da jan katakon, ya ciro sandar awo daga ƙusa, ya ja layi, kuma kafin zuciyarsa ta kawo masa wata shawara ya ɗora zarto ya ja. Da guntun ya faɗi ƙasa ya tsaya yana kallonsa, ya ga duniya ba ta tashi ba.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka. Ba zai buɗe ƙofar shago ba sai ya yi wa kujerar Inna wani abu, ko da rami ɗaya ne ya fafe, ko gefe ɗaya ya goge da samfefa. Masu kawo aiki su zo su yi ta bugu, ya ce musu daga ciki su dakata. Akwai safiyar da ya tashi da zazzaɓi, ya zo ya yi ɗan abin da ya samu ya koma ya kwanta. Akwai wadda ya ɓata hannun kujerar na dama, ya tsage har rabi, ya zauna ya dafe kai, zuciyarsa na ce masa ya mai da komai sama sai hankalinsa ya kwanta. Ya san wannan muryar sarai, ita ta cinye masa shekaru. Ya tashi ya yanko wani. Matarsa ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin ya fita bai tsaya neman takalmi da dalilin zama ba sai yanzu. Mai walda kuwa yakan buga bango ya ce, "Yau me aka haifa, ƙafa ko hannu?"

Abu ɗaya ne bai canja ba: bai je ya duba ta ba. Yana kira a waya, ta ce ƙugu da sauƙi. Ya riga ya ƙudurta sai da kujera, ga shi kuma kullum tana ƙara fitowa, to me zai sa ya je da rabin magana? Ya bi tsagar sandar nan daidai, ko gashi bai kauce ba. Ya lanƙwasa bayan, ya sassaƙa masa ganye, ya yi wa ƙafafun ado a ƙasa mai kama da kofato, ya shafa mai ya goge, ya sake shafawa, har jan katakon ya fito yana ɗaukar ido. Ranar da ya fito da ita, layin ya taru. Mai facin taya ya nemi ya ɗan zauna, aka hana shi.

A mota ya ɗauko ta, ya naɗe ta da tsohon bargo, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Daga bakin lungu ya ɗora ta a ka. Auta ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta dubi abin da ke kansa, ta yi gaba ta ɗaga labulen ɗaki.

Inna tana bakin katifa, ta jingina da bango. Wannan 'yar tsohuwar da zane ya yi wa yawa, ita ce mai sauke kwandon albasa? Ta ɗago kai ta ce, "Wane ne?"

"Yaya ne, Inna," in ji Auta. "Ya kawo miki kujerarki."

"Kafintana? Kai, ashe ta yi aure ta tare!" Ta yi dariya, dariyar dai tana nan yadda ya san ta.

Suka kama ta su biyu suka ɗora. Ba ta da nauyin komai. Kujerar ta haɗiye ta, kafaɗarta ba ta kai inda ya lanƙwasa don kafaɗa ba, ƙafafunta kuma suna reto a sama kamar na yarinyar da aka ɗora a benci. Auta ta fara dariya, ta dubi fuskarsa, ta haɗiye. Awon bai yi ƙarya ba, aikin ma babu kuskure. Matar da ya auna ce ba ta nan, ta tafi a hankali cikin shekarun da yake jiran katako ya bushe, kuma bai zo ya gani ba.

Ya durƙusa ya kama ƙafarta. Sanyi ƙalau, ƙashi da fata. Ya gwada tsakanin tafin da ƙasa da yatsunsa, suka mai da ita katifa, ya kwantar da kujerar a tsakar ɗakin ya ciro zarto. Auta ta ce, "Yaya, adon fa?" Ya ɗora zarto. Ɗaya bayan ɗaya ya datse ƙafafun, adon da ya ci masa safiya da yawa ya zube a kan leda. Ya nemi matashi ya sa a baya, suka sake zaunar da ita. Wannan karon tafinta ya taka ƙasa. Ta dafa hannuwan kujerar ta miƙe da kanta, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa don jin daɗi.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, tana shafa hannun kujerar a hankali, gaba da baya. "Ji santsi. Wane launi gare ta?"

Ya ɗago ya dubi idanunta sosai. Suna buɗe, suna kallon wani wuri kusa da kafaɗarsa, wani fari-fari ya rufe baƙin. Ya juya wajen Auta.

"Tun bara," Auta ta ce ƙasa-ƙasa. "Da kana zuwa da ka sani."

Ya zauna a ƙasa cikin garin katakon. Ya ce, "Ja ce, Inna. Ja mai duhu, tana ƙyalli." Ya kama hannunta ya kai bayan kujerar, ya bi da yatsanta kan sassaƙar. "Nan ganye ne. Ga wani nan, ga reshensa."

Ta bi ganye ɗaya, ta bi na biyu, sai ta saki katakon ta lalubo kansa. Ta shafa gashin, ta sauko goshi, ta tsaya a kumatunsa inda ya jiƙe. Ta daɗe a nan.

"Bar sauran," ta ce. "Gobe ka zo ka ƙarasa nuna mini. Ba sai ka zo da komai ba, ka ji? Kai dai ka zo."