Ranar da Inna ta ƙwaci ogana a hannuna

"Sake shi, na ce ka sake shi."

Muryar Inna ke nan a bayana jiya da la'asar, ina tsaka da gem ɗin dambe a sabon allon kwamfutata, ƙato kamar taga. Da shi nake zanen gidaje daga nan Yelwa, in na tashi aiki kuma in ɗan taɓa wasa.

Da safe ta shigo muna magana da ogana ta bidiyo. Ta gyara mayafi suka gaisa, har ta yi masa alkawarin busasshen kifi. Oga mai sanƙo ne da gemu. Wanda nake jibga a gem ɗin ma haka yake.

"Mi ya yi maka? Da safe ranka ya daɗe, yanzu naushi? Da abincinka kake wasa."

Na ce, "Inna, ba mutum ba ne, zane ne."

"Ko mi ne ne, ba shi haƙuri."

Na fuskanci allo na ba zane haƙuri, sannan ta fita.

Yau kifi ya tafi Birnin Kebbi wurin oga, Inna ta ninka shi. Oga sai godiya yake, bai san na biko ba ne.

Ni dai na ga gata. Ku fa, wace rigima uwa ta taɓa kashe muku wadda babu ita?