Hotunan da Baffa Sambo Ya Rataya a Juye

Duk wanda ya san Baffa Sambo mai gyaran agogo a shekarunsa na ƙarshe, ya fi sanin tafin ƙafarsa a kan fuskarsa. Ba sharri nake masa ba, ku da kuka zauna da shi a Gwandu shaida ne. Da an idar da sallar asuba gari ya fara washewa, sai ya zagaya lambun bayan gida, ya shimfiɗa tsohon buhun taki, ya kwanta rub-da-ciki tsakanin kunyoyin kuɓewa, waya a hannu, hula a ƙeya. In ka yi sallama ba zai amsa da baki ba, sai dai ya ɗaga maka yatsa ɗaya, wato ka tsaya, kada ka yi tari, in da hali ma kada ka yi numfashi. Hoton wani ƙwaro yake ɗauka, wanda ko kaza sai ta zuba ido kafin ta gan shi.

Ni Balki 'yar ƙaninsa ce, a hannunsa da na matarsa Inna Hajjo na tashi, kuma ni na jawo wannan rigima. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, agogo ya daina zuwa teburinsa na kasuwa, ya tattara ya dawo gida yana ƙunci. Ni kuwa da na fara koyarwa a Kalgo sai na kai masa waya mai kyamara don ya riƙa kirana. Bai kira ni ba! Gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai leƙa cikin agogo ya ɗauko, ya yanki roba daga tsohon tiyub ɗin keke, ya ɗaure shi a kan idon kyamarar, ya auna wata tururuwa. Ya ɗago kai ya ce, "Ashe gashi gare ta." Daga ranar muka rasa Baffa, ƙwari suka samu.

Wata safiya maƙwabcinsa Malam Buba ya leƙo ta saman danga ya hango shi shame-shame a ƙasa ba motsi. Ya rafka salati, ya haura dangar da tsufansa, yana kiran, "Hajjo, taho, Malam Sambo ya faɗi!" Ya kama kafaɗarsa ya jijjiga.

Baffa ya bi ƙwaron nan mai dogayen fikafikai da ya tashi da kallo, ya juyo a hankali ya ce, "Buba, ka cuce ni."

"Alhamdu lillahi, da ranka!"

"Kwana ukku nike biyar mazarin ga. Yau ya yarda da ni ya zamna, ka zo ka kore shi da salati."

"To ai cewa na yi mutuwa ka yi!"

"Ko mutuwa na yi, ba ka bari shi tashi tukuna?"

Maganar da ba ta barin bakinsa ita ce, "Ku rage tsawo." Yakan ce duniya tana nan ƙasa, mu muna can sama muna hamma. Ni ma na sha yi masa dariya, har ranar da ya ja hannuna na durƙusa ya ce in duba. Furen kuɓewa ne kawai, irin wanda nake wucewa kullum. Amma a cikin gilashin Baffa sai na ga wani ɗaki ruwan ɗorawa, can ƙuryarsa ja wur, haske yana ratsowa ta bango, wani ƙudan zuma ya shigo ƙafafunsa duk gari, yana kai-komo kamar matar gida a madafa. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na manta da Kalgo, na manta da takardun yara da ke jirana, na ji zuciyata ta kwanta irin yadda ta daɗe ba ta yi ba. Da na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, gidanmu ya yi mini girma.

Mutum ɗaya ce wannan duniya ba ta burge ta ba, Inna Hajjo. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: mijinta ya ɗauke ta hoto, ko guda ɗaya. Ran Sallah takan ci kwalliya ta fito tsakar gida ta tsaya, ta ce, "Malam, ga ni." Shi kuwa ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Kin yi girma, Hajjo, ba ki shiga gilashina." Mu mu kwashe da dariya, ita ma ta yi yaƙe ta koma ɗaki. Amma abin yana mata ciwo, na sani, don ni nake ganin yadda take cire ɗan kunnen a fusace.

Ga shi kuma bai bar ta ta huta ba. Babbar abokiyar gabar Baffa iska ce, ko kaɗan ta motsa ganye hoto ya lalace. Don haka duk safiyar da raɓa ta sauka sosai, sai ka ji, "Hajjo, zo ki tare min iska!" Ta bar koko a kan wuta, ta zo ta tsaya a bayan ganyen ta buɗe mayafinta da hannu biyu. "Matsa dama. A'a, kin wuce. Tsaya nan. Kak ki motsa." Tana tsaye tana mita: "Ni dai an maishe ni zana. Wasu mata ana ɗaukarsu hoto, ni ana ɗaukata aikin danga." Duk da haka ba ta taɓa ƙin zuwa ba.

Kun tuna bikin sunan da aka yi a Dodoru? Jikar Baffa ta haihu, muka cika mota muka je. Da yake shi ne mai waya a hannu kullum, aka ce Baffa ya ɗauki hotunan taro. Ya karɓa da murna, aka gan shi yana ta sunkuye-sunkuye cikin jama'a. Da yamma muka zagaye shi mu gani. Ga ƙuda a kan waina. Ga cinnaka ya ɗauko ƙwayar shinkafa. Ga gizo-gizo a ƙarƙashin kujerar liman.

Mai jego ta ce, "Kaka, ina jaririn?"

Ya lalubo wani hoto ya nuna mata. "Ga shi nan."

"Wanga ai sauro ne!"

"Awo. Bisa gidan sauron yaron yake. Yaron na ciki."

Sai kuma shekarar tsutsa. Wata koriyar tsutsa ta sauka a kan kuɓewar Inna tana ci ba ji ba gani, Baffa ya hana a yi feshi, wai baƙuwarsa ce, so yake ya ga ranar da za ta zama malam-buɗe-littafi. Kullum sai ya ɗauke ta hoto, har ganye yake canza mata. Ana gab da biyan buƙata, jar kazar Inna ta bi ta ƙarƙashin hammatarsa yana kwance, ta yi caraf ta haɗiye baƙuwa. Wayyo, ranar gidan ba daɗi! Sati biyu in ya haɗu da kazar nan sai ya kau da kai. Da aka yanka ta don baƙi, Baffa da ba ya son nama ya ce a sa masa cinya biyu. Inna ta ce, "Yau kuma?" Ya ce, "Ba don daɗi nike ci ba."

Akwai hotuna uku da ya sa na wanko masa a Kalgo, na ɗigon raɓa a bakin ganye, ya rataya su a zaure. Duka ukun a juye ya rataya su, ganye a ƙasa, raɓa tana neman ɗiga sama. Kowa ya shigo sai ya yi dariya, ana cewa idon tsoho ya fara tafiya. Rannan ina shara na gyara su. Ya shigo ya tsaya cak.

"Wa ya taɓa min hotuna?"

"Ni ce, Baffa. Raɓa ai ba ta ɗiga sama."

"Malama, je ki koya ma yaranki. Nan kam bar su yadda na aje."

Ya mayar da su a juye da hannunsa. Inna kuwa ko kallonsu ba ta yi, ta ce ita ba ta da lokacin kallon ganye.

Baffa ya rasu a ƙarshen daminar bara, bayan 'yar jinya ta kwana kaɗan. Bayan sadakar arba'in Inna ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini wayar, da gilashin a ɗaure yadda ya bar shi. Ta ce, "Ki share tarkacen ga, ki ba wanda zai kira mutane da ita." Sannan ta ce, "Tun ina yarinya nike gidan ga, Balki. Ƙuda ya samu hoto, sauro ya samu, ni ban samu ba." Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Na ji haushin Baffa a ranar, da gaske na ji.

Na tafi da wayar Kalgo. Kafin in share, na ce bari in kwashe 'yan kaɗan a kwamfuta don tarihi. Bayan an tashi makaranta na zauna ina wuce su ɗaya-ɗaya, har na iso kan na raɓa. Ba su ƙirguwa, kuma duk ya juya su kamar na zaure. A babban allo kowane ɗigo ya kai girman ƙwarya. Na matso da ɗaya, sai na ga mutum a ciki. Mace ce, tsaye, ta buɗe mayafi da hannu biyu.

Ashe ɗigon ruwa yana ɗauko duk abin da ke bayansa ya ƙanƙanta shi, amma a kife yake nuna shi. Shi ya sa Baffa yake juya hoton gaba ɗaya, ganye da sama da ƙasa, don Inna ta tsaya daidai. Ga ta da mayafi ruwan goro, ga ta da shuɗi, ga ta da ludayin koko a hannu, ga wani bakinta a buɗe, ko ba a faɗa ba mita take yi. Safiya bayan safiya, damina bayan damina, tana tsaye cikin ruwa mai haske, lambun duk ya lanƙwashe ya kewaye ta. Na kifa kaina a tebur na yi kuka har mai gadi ya leƙo.

Washegari na koma Gwandu da kwamfutar. Inna ta sa tabarau, ta matso da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Wagga ni ce?"

"Ke ce, Inna. Duka ke ce."

"Ya ce na yi girma."

"To ga shi ya samo inda za ki shiga."

Ta sa yatsa a kan allon a hankali. Hawaye na zuba, amma sai ta ce, "Dubi ɗan kwalina don Allah. Ko guda babu wanda na sa ɗan kunne. Da ya faɗa min ai da na shirya. Mugun mutum!" Muka yi dariya muna share fuska. Ta karɓe wayar daga hannuna ta cusa ƙarƙashin matashinta, ta ce in cire hotunan zaure in kawo mata ɗaki, kuma in rataya su yadda ya aje su.

Allah ya jiƙan Baffa Sambo, ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, bawanka ne da ya kwanta a ƙasa don ya ga ƙananan halittunka ya yi tasbihi, ka sa ƙasar nan ta yi masa taushi, ka haskaka makwancinsa. Ka ba Inna haƙuri, ka haɗa su a Aljanna inda zai dube ta ido da ido. Amin.