Takabar da Ban Shiga Ba

Ranar Talata ce, damina ta yi tsakiya, saura mako biyu mu fara jarrabawa. Na ɗumama tuwon shinkafar jiya. Mijina, Baban Hajaru, yana bakin ƙofa yana gyara ƙotar fartanya, ni kuma ina duba takardun darasi.

Ni malamar tarihi ce a ƙaramar sakandaren garinmu, wata tunga tsakanin Kaoje da iyakar Benin. Darasin makon shi ne yadda ake gane abin da ya faru da gaske. Misalin da na fi so tun ina kwaleji shi ne yaƙin Girkawa. Mawaƙansu sun ce kakanninsu sun shekara goma suna kewaye da wani birni mai ganuwa, wai don an sace mace guda, daga ƙarshe suka ƙone shi ƙurmus. An yi shekaru aru-aru ana cewa tatsuniya ce. Sai wasu suka tona wani tudu a ƙasar Turkiyya ta yau, suka tarar da gari bisa gari. A cikinsu akwai wanda wuta ta ci: ga toka, ga kawunan kibau, ga ƙasusuwan da ba a binne ba. Sunan birnin ya ƙi zama a bakin ɗalibaina, suka sa masa Birnin Toka.

"Malama Hujja," in ji mijina, da sunan da yake tsokanata da shi. "Mutanen da sunka mutu tun kahin Annabi Isa, mi yad dame ki da su?"

Na ce masa rashin neman hujja ya sa kowane dillali ke yi masa ƙarya a kasuwar Kaoje. Ya yi dariya, ya saɓa fartanya, ya nufi fadama. Ƙarfe bakwai saura kaɗan ne. Ko kai ban ɗaga ba, ina neman jan biro.

Ƙarfe goma da rabi ina gaban allo, na zana tudu na ja masa layi-layi. Muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Ƙarar ta taso daga gefen daji tana ƙaruwa. Sai harbi, ɗaya-ɗaya tukuna, sannan a jere. Hedimasta ya banko ƙofa.

"Ku hita! Ku bi bayan makaranta! Kowa shi sheƙa!"

Yara suka fice ta tagogi. Na ruga gida, allin yana hannuna ban sani ba.

Hajaru, 'yata mai shekara huɗu, tana wurin surukata Inna. Na goya ta. Na kama hannun Inna. Hayaƙi ya riga ya turnuƙe wajen rumbuna. Bayan katangarmu wani yana ihu da muryar da ban taɓa ji ba.

"Ku kwanta! Ina mazanku?"

Babura suka juya. Harbin ya koma fadama, inda mazan suke noman shinkafa. Na tsaya ina kallon wajen da mijina yake. Inna, tsohuwar da sai da sanda take zuwa bakin rijiya, ita ta fincike ni.

"Tahi, ɗiyata! Shi namiji na, shina tahe."

Sha ɗaya ta same mu cikin gonar dawa, muna rarrafe. Na toshe bakin Hajaru da tafin hannu har ta cije ni. Wajen sha biyu harbi ya tsaya, sai kukan shanun da ake kora. Da azahar muka isa rafi, ya cika ya batse. Muka riƙe zannuwan juna muka shiga. Ruwa ya kai mini ƙirji, takalmina ya tafi. Da la'asar wasu Fulani suka ba mu nono a ƙwarya, ba su tambaye mu komai ba. Ban san inda muka tsallake iyaka ba. Sai da na ji jandarma yana Faransanci na gane mun bar Najeriya.

Wani ƙauyen Dendawa ya karɓe mu. Suka buɗe mana ajin firamare muka zube.

Rana ta uku mazan da suka tsira suka koma tare da sojoji, suka binne waɗanda suka gani. Mutum tara. Da suka dawo liman ya karanto sunaye a bakin masallaci. Na mijina bai fito ba. Na yi hamdala da ƙarfi a gaban matan da ke kuka, Allah ya yafe mini. Mata bakwai suka shiga takaba a ranar. Suka cire 'yan kunne, suka bar kwalli da turare, suka fara ƙirga wata huɗu da kwana goma.

Ni na zauna jira. Mako guda. Mako uku. Lambarsa a kashe.

Kafin wata ya cika labarin ya rabu. Wasu suka ce shanu suka kawo maharan. Wasu suka ce wani ɗan garin ne ya kai rahotonsu ga hukuma. A kasuwar ƙauyen na ji wata mai kifi tana rantsuwa wai saboda wata budurwa aka yi, har da sunan budurwar, alhali babu mai wannan suna a garinmu. Na tsaya ina kallonta. Girkawa sai da suka ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su sa mace a tsakiyar nasu yaƙin. Mu kwana ashirin ya ishe mu.

Na bi maza ɗaya bayan ɗaya da tambaya, kamar yadda nake koya wa yara. Ina kake tsaye? Da idonka ka gani, ko an gaya maka? Maƙwabcin gonar mijina ya ce ya ga ya faɗi a bakin kunya bai tashi ba. Wani ya ce ya gan shi ɗaure a bayan babur. Na uku ya ce yana cikin wani kwalekwale da ya kife da masu gudu, amma da na matsa sai ya ce rigar ce ya gane, shuɗiya. Rabin mazan garinmu shuɗiyar riga suke sawa zuwa gona.

Na kai wa liman duka ukun. Ya saurare ni, sannan ya ce:

"Malama, ba mu ga gawa ba, kuma shaidunki ba su haɗu ba. Ban iya ce miki ki shiga takaba. Magana ta alƙali ta, shi kuwa shekara huɗu shika cewa a jira."

Inna kuwa ba ta son jin ko kalmar. Kullum da safe sai ta miƙo mini kwalli. "Sa," za ta ce. "Kak ki yi mai mugun baki. In yaz zo shi iske ki awa matar aure." Ina sawa, in zagaya bayan aji in yi kuka har ya wanke.

Sai kogin Kwara ya yi ambaliya. Ruwa ya kwanta a kan garinmu da fadama fiye da wata guda. Da ya janye muka koma. Babu ƙauri, babu baƙi, babu alamar wuta ko kaɗan. Laka ta shafe komai sumul, har ciyawa ta fara tsirowa. Baƙo zai rantse ruwa kawai ya ci garin.

Na ari fartanya na tafi gonarsa da hantsi. Na tona inda maƙwabcin ya nuna. Na tona inda bukkar gadi take. Bayan taƙi biyu na laka na sami layin toka, kaurinsa yatsu uku, daidai yadda na zana a allo. Na zauna na tankaɗe shi da hannu. Kwanson harsashi huɗu. Butar roba da ta narke. Takalmin roba ƙafa guda, irin wanda ake sayarwa tuli-tuli ranar kasuwa. Na juya shi gaba da baya, na gwada tuna girman ƙafar mutumin da na zauna da shi shekara tara, na kasa. Kwana biyar ina tono. Hujjar cewa an yi yaƙi na same ta, har ta yi yawa. Abin da na zo nema ban samu ba, kuma a rana ta biyar na san ba zan samu ba.

Makon da ya biyo baya matan nan bakwai suka fita takaba. Aka dafa shinkafa aka raba sadaka. Suka yi wanka suka sa sababbin kaya. Ni na kwaɓa musu lalle, ni na ɗaura wa uku daga ciki, kwallin Inna yana idona. Ɗayarsu ta riƙe hannuna ta ce Allah ya bayyana shi. Na ce amin, ban san wanne nake roƙo ba, ransa ko gawarsa.

Su sun ƙirga kwana ɗari da talatin, sun gama. Ni har yau ban sami ranar da zan fara ƙirgawa daga ita ba.