Ranar da Arzika Ya Ɗaure Bakinsa

Duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka ta Jibiya a shekarun nan da kuɗin man fetur suka ruɗa ƙasa ya san Arzika, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tsagen Gobir daga gefen baki har kunne, wanda ke kai da kawowa tsakanin manyan motoci yana yi wa direbobi tafinta wajen 'yan duwan, wato kwastan na ɓangaren Nijar. Ubansa mutumin Tsibiri ne, fataucin jakai ya kawo shi, ya auri Hajo a Magama ya zauna. Da ya rasu bai bar wa ɗansa komai ba sai 'yar gona da baki. Faransancin tasha kuwa Arzika da kansa ya tsince shi a hanyar Maraɗi.

Bakin nan shi ne maganar. Ba zagi yake yi ba, kada mu ɗauki alhakinsa. Magana ce idan ta taso masa ba ya iya haɗiye ta, ko a gaban wa yake. Ya yi aikin awo a wata rumfar gyaɗa, ranar nan ya ce wa mai rumfar sikelinsa ya fi shi tsoron Allah, kafin la'asar an sallame shi. Ya bi mota, ya gaya wa mai motar a gaban surukansa cewa motarsa ba ta gudu sai a gangare. Nan ma ya kwashe tabarmarsa. Wuri ɗaya ne bakinsa ke cin kasuwa ba a kore shi ba, layin Yarbawa 'yan tireda ranar Lahadi. Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ya ce musu bayinsa, su ce masa bawansu, a yi ta yi har mutane su taru, a ƙarshe a raba goro a watse.

To, fari ya zo ya ƙone gonaki, tafintar ma ta ja baya, don manyan kamfanoni sun fara ajiye nasu wakilan a bakin iyaka. Sa'o'in Arzika duk sun gangara Ikko dakon siminti, inda aka ce jirage sun cika ruwa sun rasa masu sauke su. Shi ma ya yanke shawara bayan Sallah zai bi su. Abin da ke cinsa a rai Inna Hajo ce. Ta yi haihuwa da yawa, shi kaɗai ya tsaya mata, ga tsufa, ga ido ya fara tafiya. Da ya gaya mata zancen tafiyar, cewa ta yi, "Allah shi kai ka lahiya," ta ci gaba da jan carbinta. Arzika ya san yadda zuwa Ikko yake. Mutum ya tafi ya bar tsohuwa zaune, ya dawo a kai shi maƙabarta a nuna masa. Wannan yake tsoro, kuma tsoron ya hana shi jin daɗin tuwo.

Ana cikin haka sai Manu, wani direba da Arzika ya sha fitarwa daga hannun jandarmomi, ya tare shi a tasha. Ya ce kamfanin sufurin da yake wa aiki a Kano yana neman wakili mazaunin Jibiya, mai Hausa da Faransanci, wanda zai riƙa tsallakar da motocinsu. Ya ba da sunansa. Sai dai mai kamfanin, Alhaji Ahmadu, ba shi da lokacin zuwa, ba ya kuma ɗaukar mutum bai ji muryarsa ba. Zai bugo waya gidan waya ranar Alhamis bayan azahar. Manu ya faɗi wannan yana kan sitiyari, ya ja mota, bai ƙara ko kalma a kan ko wane ne Alhajin ba.

Arzika bai taɓa riƙe waya ba a rayuwarsa. Ya garzaya wajen Kalilu, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ke aiki a gidan wayar. Kalilu ya nuna masa inda ake sa kunne da inda ake sa baki, ya ce kada ya yi ihu, Kano na ji. Ya ce kada ya gyaɗa kai, ba a ganinsa. Sannan ya dube shi ido cikin ido.

"Arzika, wayag ga ba ita ta ban tsoro ba. Bakinka na. Bakano mai kuɗi ba ya son wargi. Komi yac ce, ka ce ranka shi daɗe, ka yi shiru."

Matarsa Salmatu ta ɗauki aikin horar da shi, kuma na rantse ba ta taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba. Da hantsi sai ta zauna bayan danga inda ba ya ganinta, shi ya tsuguna ta wannan gefen riƙe da ludayi a kunne, ta kumbura murya ta zama Alhaji.

"Kai na mutumen da anka kora daga rumhwar gyaɗa?"

"Ni na, ranka shi daɗe."

"An ce mani bakinka ya hi ƙahwarka sauri."

"Haka na, ranka shi daɗe."

"An kuma ce matarka ta hi ka hankali nesa ba kusa ba."

Arzika ya sauke ludayin. "Ke! Wagga tambaya ba ta cikin aiki!"

"Ka hwaɗi, Malam. Mu sake."

Haka suka yi ta yi, tana sauke masa duk abin da ta tara tun shigowarta gidan, yana haɗiyewa kamar mai shan maɗaci. Inna Hajo tana ɗakinta tana jin su. Kafin Laraba Arzika ya ƙware. Ko cewa aka yi jaki ya fi shi kyau, sai ka ji ya ce haka na, ranka shi daɗe.

Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa da aka kai bugu, ya kafa hula, ya shafa turaren aro. Kalilu ya gan shi ya riƙe baki, ya tambaye shi wa zai ga duk wannan ado. Arzika ya ce shi dai ba zai tsaya gaban babban mutum da tsumma ba, ko ana ganinsa ko ba a gani. Da wayar ta yi ƙara, Kalilu ya ɗauka ya yi magana da 'yan Katsina masu haɗa layi, ya miƙo masa. Arzika ya tuɓe takalmi, ya nemi tsugunawa, igiyar wayar ta ƙi kaiwa. Sai ya tsaya a duƙe, shi ba tsaye ba shi ba zaune ba.

Muryar da ta fito Kananci ce tsantsa, mai kauri, ta mutumin da ya saba a saurare shi. Aka gaisa. Alhaji ya tambaye shi Faransanci, ya tambaye shi hanyar Maraɗi da damina, ya tambaye shi abin da yake yi idan 'yan duwan suka riƙe mota. Arzika, wanda a tasha zai iya kwana yana ba da labarin kowace ɗaya, ya riƙa gutsuro amsa 'yar ƙarama yana liƙa mata ranka shi daɗe. Kalilu yana gefe yana gyaɗa kai, abu na tafiya daidai.

"Manu ya ce min kai Bagobiri ne," in ji Alhaji.

"Haka na, ranka shi daɗe."

"To ai magana ta ƙare, ba sai an yanka maka albashi ba. Ina aka taɓa biyan bawa? Kakanka ma dakon kakana ya yi har ya mutu."

Arzika ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Da Bayarabe ne ya faɗi haka a layin tireda, da tuni ya mayar masa da ninki. Amma Bakano ba abokin wasansa ba ne. Daga bakin Bakano wannan zagi ne, zagi kuma na kaka. Ya tuna Inna, ya runtse ido.

"Ranka shi daɗe."

"Tsagen nan na fuskarka ma mu muka yi muku shi, don kar ku ɓace mana a kasuwa."

Haƙoransa suka haɗu. Ya matse wayar har jijiyoyin hannunsa suka tashi. "Ranka... shi daɗe."

"Kai, anya? Bagobiri Manu ya samo min ko tunkiya? Da ma an ce Gobirawa gwanayen gudu ne ranar yaƙi, ashe har a waya ma gudun kuke yi."

A nan igiyar haƙuri ta tsinke. Kana iya cewa Bagobiri komai, amma ban da gudu. Arzika ya miƙe tsaye cak, hula ta karkace.

"Alhaji, wanda yal laɓe cikin ƙarhe tun daga Kano yana zagin Bagobiri, shi ag gwanin gudu! In kai namiji na, hito daga cikin abin ga in ga huskarka!"

Sai aka ji ƙwaram daga can, kamar abu ya faɗi a kan tebur, sannan shiru. Kalilu ya ɗora hannu biyu a ka. Arzika ya tsaya da waya a kunne, fushin ya zube nan take, ya bar shi da sanyin jiki. Bakinsa ya sake ja masa. Wahalar Salmatu, kirkin Manu, duk ya zubar da su da numfashi guda. Ya ga kansa a bayan motar Ikko, ya ga Inna a ƙofar ɗaki tana juya fuska wajen da ba nan motar take ba. Bai taɓa tsanar harshensa kamar wannan lokacin ba. Ya so ya ajiye wayar, hannunsa ya ƙi.

Can sai ga wani sauti kamar tari. Tarin ya zama shessheƙa, shessheƙar ta fashe. Dariya ce, irin wadda ke sa mutum ya saki abin da ke hannunsa.

"Wayyo cikina! Fuskata kake son gani? Da ka gan ta ai da ka ga ɗan'uwan tsagenka. Ni Bayarabe ne, ɗan Ayagi a nan Kano, kakana daga Ilori ya zo. Tun ɗazu nake taɓo ka, na ce wannan wane irin Bagobiri ne ba jini a jika?"

Arzika ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, sai da Kalilu ya yi tsalle ya tare wayar kada ta biyo shi. Ya sauke wani dogon numfashi, idonsa ya kawo ruwa, dariya kuma tana tunkuɗo shi daga ciki.

"La ilaha illallahu! Ashe bawana na! Ni nan tun ɗazu ina duƙe, na tuɓe takalmi, har da turare, ashe bawan gidanmu nika wa ladabi! Alhaji, sai ka biya ni turarena."

Daga nan hira ta ɓalle. Duk amsoshin da ya gutsuttsura ɗazu ya dawo da su cikakku, da labarin jandarman da ya taɓa sa wa dariya har ya manta abin da ya tsayar da mota dominsa. Alhaji ya ce abin da yake nema ke nan. Bakin iyaka wurin mai baki ne, in ji shi, mutumin da zai sa ma'aikaci ya saki fuska, direba kuma ya ji magana. Da ya ci gaba da ranka ya daɗen nan, da ya nemi wani. Ya ce ranar Lahadi motoci za su iso, Manu zai zo masa da hular kamfani.

Arzika ya fito daga gidan waya ya yi nisa kafin Kalilu ya ƙwala masa kira ya dawo ya ɗauki takalmansa. Salmatu na tsaye a bakin zaure.

"Ƙaƙa anka yi?"

"Na zage shi."

"Inna lillahi!"

"Ya ɗauke ni."

Ya bar ta nan baki buɗe, ya wuce ɗakin Inna, ya durƙusa a gabanta. Ya gaya mata komai, ya ce zancen Ikko ya mutu, aikinsa ga shi nan bakin iyaka, kullum a gida zai kwana. Sai tsohuwa ta laluba ta kamo hannunsa, ta riƙe da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"To madalla," ta ce. "In ka huta ka koma wajen Kalilu. Da kac ce za ka tahi, na kira shi na roƙe shi, in ta Allah ta kasance, shi tsaya madadinka shi sa ni rami. Ya amsa mani. Ka ce mai na gode, ya huta. Mai aikin na nan."

Arzika ya kifa kansa a gwiwarta ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, rigar bugu da turare da komai.

Ya daɗe a wannan aiki, har ya yi furfura a cikinsa, shi da Alhaji Ahmadu kuma ba su taɓa gama waya ba sai ɗaya ya sayar da ɗaya. Inna Hajo ta ƙara ganin damina da dama. Ranar da ta cika, da safe ne, yana gida. Shi ya shiga ramin ya karɓe ta, Kalilu yana daga sama yana miƙo masa itace.