Tsutsar da ta raba Babana da Agali

Wata safiyar Laraba ce, a daminar da na fara ɗaukar tulu ni kaɗai, 'yan shekaru bayan Nijar ta samu 'yancin kai. Na kai wa Babana fura gonarmu da ke gabas da Gangara, na tarar da shi tsaye riƙe da hauya, bai sari ƙasa ko sau ɗaya ba. Hatsin da jiya ya kai ƙwaurina ya zama tsumma. Ganyen duk an cinye, sai jijiyar tsakiya tsaye kamar tsinken tsintsiya. Muka bi kunya kunya muna dubawa. Babu fara, babu tsuntsu, babu abin da ke motsi sai iska.

Haka aka yi ta wayar gari ana ganin sabuwar ɓarna, ba a ganin mai yinta. Bayan gonarmu kuwa akwai zangon Agali, wani Buzu da ke kiwon tumakin Babana tare da nasa awakin tun kafin a haife ni. Matarsa kan kawo wa Inna cuku, ta koma da hatsi, ni da 'yarsa Tekna kuma mukan yi 'yar carafke a gindin aduwa. Da aka ga sawun akuya a bakin gona, sai Baba ya ce magana ta ƙare. Kaka, uwar Babana, ta ce masa, "Wannan ba cin akuya ba ne, Idi." Bai saurare ta ba. Ya je zangon da sanda, gaban mata da yara ya fasa wa Agali goshi. Agali bai rama ba. Ya ware tumakinmu ya koro su har ƙofar gida, washegari zangon ba kowa sai toka da duwatsun murhu.

Ɓarnar ba ta tsaya ba. Ranar da muka gane, Inna ce ta durƙusa tana cirar ciyawa da rana tsaka, yatsanta ya tono gindin wani hatsi. Ga su nan a cikin danshin ƙasa, tsutsotsi masu launin toka, kowace ta naɗe kamar zobe. Da hasken rana ya taɓa su sai suka fara mutsu-mutsu suna nutsewa cikin yashi. Wasu mun same su can cikin zuciyar hatsin, inda ganye ya naɗe ya yi duhu. Ashe wuni suke a ƙarƙashin ƙafafunmu, sai rana ta faɗi su hau su ci. Baba ya daɗe yana kallon wadda ke tafin hannun Inna, sannan ya juya ya tafi gida.

Daga nan wasa ya ƙare mana. Kowane yaro da ƙwaryarsa, mu tona, mu tsince, mu zube su a kan yashi mai zafi inda ba su da wurin ɓuya. Kaji suka ci har suka ƙi. Yatsunmu suka tsattsage, warinsu ya hana ni cin tuwo. Amma mun makara. Abin da aka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Kafin bazara muna jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, a cire ɗacinta mu ci, a cikin wannan yunwar ƙanena Sani ya rasu. Baba ya bi kasuwanni har Tanout da Tenhya yana cigiyar Agali. Wasu suka ce ya yi arewa. Har Baba ya bar duniya bai sake ganinsa ba, bai kuma sake ba kowa kiwon dabbarsa ba.

Yau jikokina a Damagaram suna jin labarin kamar tatsuniya. Can gida kuwa, in ganye ya fara ɓulewa, samari sun san su tona gindin hatsi, su nemo magani su fesa. Ni dai har yanzu in na ga Buzuwa mai shekaruna a kasuwa, sai na tsaya na duba fuskarta, ko Tekna ce. Mun san yadda ake tono tsutsa, amma ba mu san inda za mu kai wa su Agali ban haƙuri ba.